Wa Ya Ƙara wa Yaya Shekaru?

Tun da na dawo daga Chaina ban huta da tambaya ba. A masallaci, a layinmu na kasuwar Kwari, har a wajen mai gyaran babur: "Nasiru, yaya ƙasar take? Da gaske da tsinke suke cin shinkafa?" Na ba da amsa har bakina ya gaji. Amma duk lokacin da na ba da labarin sai in tsallake wurin da ya fi muhimmanci, domin a wurin ni ne ba ni da gaskiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da inda na ji kunya. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, wanda ya ga gyara ya yi haƙuri.

Yayata Hajiya Rakiya ce ta kai ni. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, tsakaninmu shekara goma sha shida. Ina ɗan shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ita ta riƙe ni. Shagon da ake cewa shagon Nasiru nata ne. Kusan shekara ashirin ke nan tana zuwa Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa muke cewa Gwanzo, sau biyu a shekara, tana sayo baƙin yadi na hijabi da abaya. Ni aikina in zauna a shago, in sha shayi, in yi musun ƙwallo. Kaya su zo, mata su ce Nasiru ya iya zaɓen baƙi, in yi murmushi ba na musawa. Shekara biyar tana cewa in bi ta in koyi hanya, kullum da uzurina: yau matata ta kusa haihuwa, gobe azumi ya matso, jibi jirgi ne nake tsoro.

Bana likita ya duba gwiwarta ya ce ta daina hawa bene da doguwar tafiya. Ta kira ni gidanta ta ce, "Auta, ka je ka yi fasfo. In ka iya aikin, wannan ce tafiyata ta ƙarshe. In ba ka iya ba, zan ci gaba da jan ƙafar har ranar da ta ƙi." Ba ta ɗaga murya ba. Wannan karon na rasa uzuri.

Daga Kano muka tashi muka yada zango a Habasha. A wurin jiran jirgi na fara gane ko wace ce yayata. Mata 'yan kasuwa daga Kano, Maraɗi, har da na Kumasi masu Hausa mai wani irin lanƙwasa, kowacce sai ta taso ta gaishe ta. Wannan ta tambaye ta masauki, waccan ta nuna mata ƙyalle ta ce ta duba mata. Ni kuwa ba wanda ya san ni, sai dai a ce, "Hajiya, wannan ne autan?" Mutum mai shekara arba'in da uku da 'ya'ya huɗu.

Mun sauka Gwanzo da hantsi. Aka ɗauki hoton yatsunmu, aka buga mana hatimi, ba wanda ya nemi na goro. Sai wurin kaya. Tun a gida Yaya ta ja mini kunne cewa ba a shiga ƙasar da nama. Ni kuwa na naɗe kilishi a cikin safa, na cusa a cikin takalmi, ina ganin na yi dabara. Wani ɗan kare mai riga ya zo ya shinshina jakata, ya zauna kusa da ita cikin natsuwa kamar an ba shi ajiya. Ma'aikacin ya zaro safar da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama kowa yana gani. Aka karɓe kilishin, aka sa na sa hannu a takarda. Yaya ta ce, "Ka ga karen nan? Sau ɗaya aka koya masa ya riƙe."

A waje muka tarar da Alhaji Isuhu yana jiranmu. Mutumin Maraɗi ne, ya shekara goma sha biyu a can, yana jin yarensu, shi ke yi wa Yaya tafinta kuma shi ke haɗa mata kaya a kwantena. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bon, yau Allah ya nuna muna Auta. Mun zaci Hajiya ƙirƙirar ka ta yi."

Masaukinmu wani ƙaramin otal ne kusa da kasuwar Canaan. Ɗakina in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango, tagar kuwa bangon wani gida take kallo. Na shiga bayi na nemi buta, babu. Ashe Yaya tana da jakar da take barin wa matar da ke karɓar baƙi daga tafiya zuwa tafiya: buta biyu, darduma, da 'yar tukunyar lantarki ta dama kunu. Zafin garin ba irin namu ba ne, mai danƙo ne, kana fitowa daga wanka ka jiƙe. Duk da haka in ka nemi ruwa mai zafi za su ba ka. Na ce mai sanyi nake so, matar ta dube ni da tausayi kamar na ce zan sha guba.

Abinci a wajen Musulmin ƙasar muke ci, masu farar hula, waɗanda ke jan taliya da hannu a gabanka har ta zama siririya. Ranar farko na ce ba mai ba ni cokali, da tsinke zan ci. Taliyar ta suɓuce ta yi tsalle ta sauka a gaban farar kaftanina, da romon da barkonon. Na ɗaga kai na ga Yaya tana tsince ɗan ƙaramin yankan albasa da nata tsinken ko kallon kwanon ba ta yi.

Washegari da safe za mu kasuwa muka ratsa ta wani fili mai bishiyoyi a unguwar Liwan. Na ga tsofaffin mata sun fi talatin, sun jera sahu, an kunna musu kiɗa, kowacce da jan mafici a hannu suna rawa. Na fashe da dariya na ce a Kano da an kira mai ruƙiyya. Isuhu ya ce waɗannan duk sun yi ritaya ne, gwamnati na biyansu fansho, da safe su yi rawa, da yamma su ɗauko jikoki daga makaranta. Yaya ta tsaya ta daɗe tana kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka ga yadda gwiwarsu take lanƙwasuwa?"

Kasuwar Shahe kuwa Kwari ce aka ɗora kan Kwari har hawa-hawa. Masu tura kaya ba sa cewa gafara, sai dai ka ji ƙarfe a agara. Ciniki da na'urar lissafi ake yi, ka danna ta danna. Kalma biyu na fara riƙewa: lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Na lura duk shagon da muka shiga, in an miƙo wa Yaya yadi, sai ta ɗauka ta lallaɓa har bakin ƙofar fita, ta ɗan tsaya, ta dawo. Wani lokacin daga hawa na uku. Na zaci iska take nema saboda gajiya, har na ce, "Yaya, ki zauna mana ki huta, wannan kai-komo ai shi ke ƙara miki ciwon." Ta dube ni, ta ci gaba da tafiya. Kuma bari in faɗi gaskiya: jakar samfuri, wadda ta cika da ƙyallaye da littattafan launi, a kafaɗarta take duk yinin nan. Ni hannuna na riƙe da waya ina ɗaukar bidiyo ina tura wa 'yan layinmu.

Rana ta uku muka fita bayan gari zuwa marinar da ake rina mata yadi. Lawban ɗin, wani gajere mai fara'a, ya zuba mana shayi a kofuna ƙanana kamar murfin kwalba. Muna cikin sha sai wata mata ta fito daga sito, siririya, faratanta sun yi baƙi da rini. Suna haɗa ido da Yaya suka rungume juna. Ayi ake ce mata, wato inna ko gwaggo. Ita ke duba kowane bandir kafin a sa shi a leda. Shekara goma sha biyar suna aiki tare, ba mai jin yaren wata.

Yaya ta ce, "Isuhu, tambaye ta me take yi a nan har yanzu. A zuwana na baya ai sallama muka yi, har turare na ba ta, ta ce ta kusa ajiye aiki."

Ayi ta ja mu gaban wata kalanda a bango. Ta nuna wani wata da aka zagaye sannan aka soke, ta buɗa shafuka gaba ta nuna wani. Isuhu ya fassara: tun tana budurwa ta san mace mai aikin hannu irin nata a shekara hamsin take ajiyewa. Yanzu an sake doka, ana ɗaga shekarun a hankali. Ita watanni aka ƙara mata, ƙanwarta kuwa shekaru. Akwai jikanta a ƙauye da aka shirya ita za ta je ta riƙe don uwar ta koma aiki, yanzu duk shirin ya rushe. Ta faɗi haka tana dariya, tana murza kafaɗarta.

A wajen cin abincin rana ne na buɗe baki, kuma da ma ban buɗe ba.

Na ce, "Ni fa ban ga abin tausayi ba. Laifinta ne. Mutum ya yi shekara talatin yana aiki bai yi wa kansa tanadi ba, sai ya zauna jiran gwamnati? Kowa tsufansa a wuyansa yake."

Isuhu ya ajiye tsinke. "Mi kake cewa, Auta? Tanadin da kake cewa ba ta yi ba, shi ne ake cirewa cikin albashinta kowane wata tun tana yarinya. An ce mata ranar kaza. Ta taho, ta taho, ta kusa ƙohwa, an matsar da ƙohwar."

"To me ya sa suka matsar?"

"Su ma da hujjarsu. Mutane sun daina mutuwa da wuri, 'ya'ya kuma ɗaya-ɗaya suka haihwa. Masu ci sun yi yawa, masu zubawa sun ragu. Ban ce ƙarya suke ba. Amma kahwaɗar da za ta ɗauki wanga lissahi ba ta mai lissahin ba ce."

Maimakon in yi shiru sai na ƙara gyara zama. Na ce ai shi ya sa tsarinmu ya fi. Mu a ƙasar Hausa mace ba ta buƙatar fansho. 'Ya'yanta da ƙannenta su ne fanshonta. Da ta manyanta za a ce Hajiya zauna, mu za mu yi. Na faɗi wannan da ƙarfi har na teburin kusa, wasu 'yan Kano biyu, suka ce gaskiya ne wallahi.

Duk wannan Yaya tana shan romonta. Ta ajiye kwanon ta goge bakinta.

"Auta, ita gwamnati ce ta ƙara mata watanni, kuma an buga a takarda kowa ya gani. Ni shekarata hamsin da tara. Tun ina hamsin da huɗu na so in zauna. Wa ya ƙara mini biyar ɗin?"

'Yan Kanon nan suka sunkuyar da kai cikin kwanonsu. Isuhu ya shiga neman wani abu a aljihu. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, sai ya sauka kan jakar samfurin da ke jingine da ƙafarta. Da muka tashi na ɗauka. Ban san tana da nauyi haka ba.

Kashegari Yaya ta kasa sauko da ƙafarta daga gado. Gwiwar ta kumbura ta yi sumul. Kuma ranar ce za a duba kayanmu a marina, bandir ɗari da ashirin, domin washegari kwantenar za ta rufe. Ta yi yunƙurin tashi, na ce ta kwanta, ni zan je. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini wani ƙyalle kamar tafin hannu. "Wannan ne baƙinmu. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka kira ni, in zo ko da rarrafe ne."

Muka isa da Isuhu. An jera kayan a sito, tuli-tuli har sama, kowane a ledarsa. Lawban ya sa aka buɗe guda uku na sama, ya ɗora ƙyallena a kai ƙarƙashin fitila. Baƙi ƙirin, ba bambanci. Ya ce, "Sem-sem!" wato iri ɗaya ne, ya miƙo mini takarda da biro. Na ji daɗi a raina, na ce ashe aikin ke nan, abin da ake ta yi mini kwarjini da shi.

Na kafa biro ke nan sai na ji an ja hannun rigata. Ayi ce. Ta zagaya bayan tulin, ta yanko ɗan gefe daga wani bandir na ƙasa, ta karɓi ƙyallena, ta nufi ƙofar sito tana tafiya a hankali. Ta tsaya a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Tsayuwar da na gani ke nan a Shahe sau ashirin, na ce iska ake sha.

Na bi ta. A cikin hasken rana ƙyallen Yaya baƙi ne. Ɗayan kuwa yana da wani ja-ja a ciki, kamar baƙin da ya sha wanki. A ƙarƙashin fitila ba za ka taɓa gani ba. Amma matan Kano ba a ƙarƙashin fitila suke sa hijabi ba, a rana suke yawo da shi, kuma mace ɗaya ta dawo da yadi ta ce ya yi ja, layin gaba ɗaya ya ji.

Lawban ya zo ya gani, ya sosa ƙeya. Ba ha'inci ba ne, tukunyar rini biyu aka yi, ta biyun ta ɗan kauce, kuma an gauraya su wajen jerawa. Ayi ta riga ta gaya masa, ya ce ba mai lura. Ya ce duk wanda na ware zai sake rinawa ya biyo baya, amma ma'aikatansa duk suna lodin wata mota, meyo mutum ko ɗaya. Kuma dole a gama kafin rana ta faɗi, ga hadari yana haɗuwa.

Na zaro waya. Wallahi har na nemo sunan Yaya. Na san in na kira za ta zo, a ɗauko ta a tasi, ta zauna a kan kujera a bakin ƙofa ta yi aikin, ni in tsaya a gefe. Kuma na san in ta zo yau, za ta sake zuwa baɗi. Na mayar da wayar aljihu, na tuɓe kaftanina na rataye a ƙusa.

Ni ke sauko da bandir, in jawo shi bakin ƙofa, in yage leda. Ayi ta ɗora ƙyallen, mu duba tare, ta yi alama da alli. Na farko-farko ita ke nunawa. Wajen na talatin idona ya fara buɗewa, na riga ta cewa wannan ja ne, ta ɗaga mini babban yatsa. Wajen na sittin bayana ya fara magana. Ita kuwa wadda ta girme ni tana kama ɗaya gefen tana tayawa, aikin da take yi kullum ke nan. Na ce wa Isuhu ya gaya mata jiya na yi magana a kanta wadda ba ta dace ba, ta yafe ni.

Ya ce, "Wanga kam ba ni hwassara shi. Ita ba ta ji ba, kai ka ji. Ɗauki bandir."

Shi ma daga baya ya naɗe hannun riga ya kama. Muka tsaya muka yi sallah a kan kwali, muka koma. Ana fara yayyafi muka duba na ƙarshe. Goma sha takwas muka ware. Lawban ya zagaya ya duba allin, ya kalle ni, jiƙe da gumi, singileti ta yi baƙi, ya miƙo mini hannu biyu. Ayi ta kawo mini ruwa a kofi. Mai zafi ne. Na shanye.

Da na koma masauki kafin magariba, na tarar da Yaya zaune ta miƙe ƙafa. Na ba ta ƙyalle biyu. Ta ce in kama ta. Na riƙe ta muka taka har ƙarshen baranda inda sauran haske yake. Ta duba, ta juya, ta sake dubawa.

"Guda nawa?"

"Sha takwas."

"Duk ka buɗe?"

"Duka."

"Wa ya nuna maka?"

Nan ma na so in yi murmushin nan nawa na shago. Na ce, "Ayi ce. Ni har na kusa sa hannu."

Ta gyaɗa kai. "Da ka ce kai ne, da na sake yin biza."

Sauran kwana huɗun ni na yi ta zirga-zirga, ita tana ɗaki tana ba ni umarni. Na ɓata sau biyu a jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sayo maɓallai da ba su ne aka aike ni ba na mayar. Ranar da za mu taho muka biya marina don Yaya da Ayi su yi sallama. Suka riƙe hannun juna suka daɗe, wannan na Hausa, waccan na yarenta, Isuhu ya koma gefe ya ce wannan ba ta buƙatar tafinta. A filin jirgi aka kawo keken marasa lafiya, wanda a zuwa Yaya ta ƙi ko kallonsa. Ta hau, ni na tura.

Har yanzu ban san wa ya fi gaskiya tsakanin Ayi da masu dokar ƙasarsu ba, wannan ya fi ƙarfin karatuna. Abin da na sani, maganar da na yi cewa kowa tsufansa a wuyansa yake, na yi ta ne ina zaune a kan wuyan wata. Kuma maganar cewa mu ne fanshon matanmu gaskiya ce, ina alfahari da ita, amma fanshon da ba ya fita sai an roƙa shekara biyar ba abin cika baki ba ne.

Kaya sun iso, sha takwas ɗin ma sun biyo baya, baƙi ƙirin. A shago in mace ta yaba, ina cewa zaɓen Hajiya ne da wata Ayi, ni ɗalibi ne. Watan jibi zan koma, ni kaɗai.

Ranar Talatar da ta wuce na biya gidan Yaya da hantsi in kai mata magani. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, rediyo na yi, tana tsefe wa jikarta kai. Sai ga maƙwabciyarta ta leƙo, ta yi turus.

"Hajiya, lafiya? Ban taɓa ganin ki a gida war haka ba. Ko jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau. Ritaya na yi."

"Ritaya kuma? Ke da ba aikin gwamnati kike ba, wa ya ba ki?"

Yaya ta nuna ni da tsinken tsifa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ga wanda ya sa hannu nan. Ya daɗe da takardar a teburinsa, amma ya sa."